Jinyar Maigida Satiriyus

Sunana Zosima. A gidan Numeriyus Satiriyus aka haife ni, a garin Nola na ƙasar Roma, kuma a madafin gidan na girma, domin uwata ma girki take yi kafin zazzaɓi ya ɗauke ta. Maigida Satiriyus ɗan majalisar gari ne, mai gonakin inabi da zaitun, gajere, mai tumbi, mai saurin hannu. Matarsa ta daɗe da mutuwa, bai kuma haihu ba. A garinmu akwai iyayengijin da suka fi shi mugunta, amma ban taɓa jin wani bawa ya yi masa fatan tsawon rai da zuciya ɗaya ba, sai a shekarar da zan ba ku labari.

Mu bayin cikin gida mun haura ashirin, ban da na gona. Mijina Kerdo shi ke kula da lambu. Na ce mijina, ko da yake doka ba ta san auren bayi ba. Ɗaki ɗaya dai muke kwana a bayan rumbun mai, kuma muna da 'ya, Firima, wadda a lokacin ba ta daɗe da iya magana sosai ba. Daga ƙasar Gol aka kawo Kerdo yana saurayi. Dogo ne, mai jan gashi, magana ba ta dame shi ba.

Katangar lambunmu ita ta raba mu da gidan Filon. Shi Filon ɗin a da bawa ne. Ubangijinsa ya 'yanta shi, ya shiga cinikin ulu, ya yi arzikin da ya shafe na maigidanmu. A bazarar shekarar ya kawo magina suka haƙa masa tafki a lambu, suka shimfiɗa farin dutse, suka kafa kifin tagulla mai fesa ruwa ta baki. Duk Nola aka yi ta tururuwar zuwa kallo. Maigida kuwa ya rantse a babban gidan wankan jama'a, a gaban manyan gari, cewa gara ya makance da ya kalli kududdufin bawa. Amma kullum da yamma yana zaune a lambu, yana jin ƙarar ruwan ta bayan katanga, yana huci.

Ana gobe abin zai faru, akuyar gida ta tsinke igiya ta shiga lambu, ta cinye dashen furannin da maigida ya sa aka kawo masa tun daga Roma. Ya sa aka ɗaure Kerdo a ginshiƙin tsakar gida aka zane shi, mu duka muna tsaye muna kallo, don haka ake yi. Da aka kwance shi sai ya yi wata magana da yarensu, ya tofar da yawu. Kowa ya ji, ba wanda ya gane. Daga baya, ina shafa masa mai a baya, na tambaye shi me ya ce. Ya ce akuyar ya zaga.

Washegari da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, na shiga lambu tsinko na'a-na'a. Can ƙarshe, a gindin katanga, na hango farin abu a ƙasa. Na ɗauka wanki ne iska ta yar. Da na matsa sai na ga ƙafa da takalmi ɗaya. Maigida ne kwance rigingine, ƙeyarsa a kan dutsen bakin magudanar ruwa, jini ya jiƙe ƙasa. Kusa da shi tsohuwar randar man da Kerdo ke kifewa a lungu tana kwance a gefenta. Ga kuma fartanyar Kerdo jingine da katanga, jini ya fantsama a ƙotarta.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Aka ɗauke shi zuwa ɗakinsa yana numfashi da ƙyar. Aka kira likita, wani Bagirke mai hanzari, aka kuma aika wa Bassus, ɗan ƙanwar maigida, wanda kowa ya san shi ne magaji. Likita ya wanke raunin, ya latsa nan ya latsa can, ya ce ƙashin kai ya tsage.

"Dukansa aka yi?" in ji Bassus.

"Ko dutse ya same shi, ko shi ya sami dutse," in ji likita. "Rauni ba ya faɗa mini wanne ne."

"Zai tashi?"

Likita ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da naɗa ƙyalle.

Bassus ya je lambu ya ga fartanya. Ya tambayi na wane ne, aka faɗa masa. Ya tambayi inda Kerdo yake da tsakar rana, aka ce yana ɗaki shi kaɗai, kwance rubda ciki saboda bayansa. Ya tambayi abin da ya sami bayan, aka faɗa masa wannan ma, har da maganar da ya yi da yarensu. Kafin la'asar dogaran alƙali sun zo sun sa wa Kerdo mari sun fita da shi. Ko juyowa bai samu ya yi ba. Biyu daga cikin dogaran suka zauna a ƙofar gida, aka ce daga yau ba bawan da zai fita.

Bassus ya tara mu a tsakar gida. Ba mugun mutum ba ne. Yana kallonmu kamar mai kallon rumbunsa ya kama wuta.

"Kun san doka," ya ce. "Ba ni na kafa ta ba. Idan aka kashe mutum a gidansa, duk bawan da ke ƙarƙashin rufin nan sai ya amsa tambaya a hannun masu azaba, sannan a kashe shi, domin yana kusa bai kawo agaji ba. Muddin kawuna yana numfashi, alƙali zai jira. Idan ya tashi, shi zai faɗi abin da ya faru, hukuncinku yana hannunsa. Idan bai tashi ba…" Ya buɗe hannuwa.

Wata yarinya mai wanki ta ce, "Ranka ya daɗe, mu fa muna bayan gida, ko tari ba mu ji ba."

"Alƙali za ki faɗa wa. Kuma kin san ba a karɓar shaidar bawa sai an matsa shi."

Muka taru a madafi, ba mai iya zama. Dafnus mai gadin ƙofa, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a wajen jana'iza, ya jingina da bango ya yi tsit. Mutum ɗaya ce ba ta rikice ba, Iya Helfis. Ita ta shayar da maigida yana jariri, ita ta goya shi, yanzu ta tsufa har ba a sa ta aiki sai tsince wake. Ta ce in kai ta inda na same shi. Na riƙe mata hannu muka je. Ta dubi randar, ta dubi saman katanga, ta tsaya tana sauraron ruwan Filon yana zuba. Sai ta yi tsaki.

"Ɗan banzan yaro," ta ce. "Leƙe ya hau yi."

"Iya, maigida fa?"

"Shi fa. Tun yana tatata haka yake. In ya ce ba ya son abu da ƙarfi, to jira ki ga ya zagaya ta baya. Ya bari kowa ya kwanta, ya mirgino randa, ya hau ya ga kifin tagulla. Da wannan tumbin!"

Na ce, "To mu je mu faɗa wa Bassus."

"Mu ce masa me, 'yar nan? Ɗan majalisar gari ya hau randa yana leƙen gidan 'yantaccen bawa kamar ɓarawon ɓaure? Kuma daga bakin matar wanda ake tuhuma? Harshenki za su fara cirewa. Mutum ɗaya ne zai iya faɗar wannan magana a yarda, ga shi can kwance baki buɗe. Tashi mu je mu hana shi mutuwa."

Tun da nake ban taɓa ganin jinya irin wannan ba, ko sarki albarka. Mutum biyu na yi masa fifita, in sun gaji wasu su karɓa. Aka ɗaure wa karen gida baki, aka kai zakara can ƙarshen rumbu. Masu wanki suna sauya masa shimfiɗa tun kafin ta jiƙe. Ni kuwa na dafa romon kaza na tace, na sake tacewa, Iya tana ɗiga masa a baki da tsumma, rabi ya shiga rabi ya gangaro ta gemu. A gaban gumakan gida kuwa, abin da kowa ya ɓoye ya fito: wannan ta ajiye ɗan zobenta na ƙarfe, wancan ya ajiye cukun da ya daɗe yana tattali. Na ga Dafnus, wanda maigida ya taɓa fasa masa haƙori da sanda, ya durƙusa yana matsa masa ƙafafu yana raɗa.

"Tashi mana, tsohon alade. Tashi ka zage mu. Ga ɗaya haƙorin nan na ajiye maka."

"Zai ji ka fa," in ji Iya.

"In ya ji ni ai mun tsira, Iya."

Kwanaki suka yi ta tafiya, bai mutu ba, bai tashi ba. Wata rana jikinsa ya yi zafi kamar murhu, likita ya ce a fara shiri. Wata rana ya motsa yatsu, muka rungume juna. Da ya yi dogon numfashi ya ɗan tsaya, sai duk ɗakin mu tsaya tare da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Firima. An ce ƙananan yara ba a kashe su, sayar da su ake yi. Kullum tana tambayata ina babanta, ina ce mata ya tafi gona. Na kan zaunar da ita in yi ta taje mata kai ba gaira ba dalili, ina koya mata ta riƙa faɗin sunana da na ubanta, don kada wata rana a tambaye ta 'yar wace ce ta rasa amsa. Ita kuwa ta ɗauka wasa ne, tana faɗa tana tafi.

Wata safiya ina wanke tukwane kusa da katanga, na ji ana kirana ƙasa-ƙasa ta ramin magudanar ruwa. Mai girkin gidan Filon ce. Ta ce maigidanta ya sa ana kai wa Kerdo gurasa da zaitun a gidan yari, ta ce masu gadi sun ɗan taɓa shi amma yana tsaye da ƙafafunsa. Na tambaye ta ko wani a gidansu ya ga kan mutum a saman katanga ranar nan. Ta ce Filon ya tambayi kowa, duk suna barci. Sannan ta ce, "Ya ce in faɗa miki, idan abin ya ɓaci, yarinyar ba za ta je kasuwa ba. Shi zai ɗauke ta. Ya ce ya san dandamalin da ake tsayar da bawa a sayar, ya taɓa tsayawa a kai." Na kifa kaina a kan tukunya na yi kukan da na kasa yi tun ranar farko.

Wata rana da hantsi maigida ya farka. Mu biyu ne a ɗakin, ina riƙe da kwano, Iya tana ɗiga masa ruwan zuma. Sai na ga ya haɗiye da kansa. Idonsa ya buɗe, ya yi ta yawo a rufi, ya sauko kan Iya. Leɓensa ya yi ta motsi kafin murya ta fito.

"Wa ya gan ni?"

Na ajiye kwanon.

"Gan ka a ina, ɗana?" in ji Iya, kamar ba komai.

"A kan…" Ya hango ni, ya yi shiru.

"Zosima ce. Yau kurma ce."

"Filon ya gan ni?"

"Ba wanda ya gan ka, Numeriyus. Ba Filon, ba kowa." Ita kaɗai ke kiran sunansa haka, shi ma sai in ba baƙo. Ta goge masa baki. "Ni dai abin da na sani, kai mutum ne da ba ka yarda da idon kowa a kan kayanka sai naka. Katangar lambu ta tsage daga sama, ka hau ka duba da kanka, randa ta goce. Duk maigidan kirki haka zai yi."

Ya daɗe yana kallonta. "Katangar ta tsage?"

"Ta tsage mana. Sha wannan."

Ya lumshe ido.

Kafin mu ankara labari ya kai wa Bassus, ya shigo da gudu. Ya kore mu, amma na tsaya a bayan labule. Na ji yana ba shi labarin komai: fartanya, jinin da ke ƙota, Kerdo a gidan yari, da maganar da ya yi ranar da aka zane shi.

"Zagina ya yi?" in ji maigida.

"Da yarensu, Kawu. Kowa ya ji. Ta baya ya zo maka, ko? Ba sai ka wahalar da kanka ba. Gobe alƙali zai zo, kalma ɗaya ta isa."

Na kasa kunne in ji amsa. Ba amsa.

Na koma madafi. Sai a lokacin na gane farkawarsa ba ita ce ƙarshen magana ba. Cewa an buge shi ta baya ya fi masa sauƙi, ba kunya a ciki, har tausayi zai samu. Kerdo kuwa gicciye shi za a yi a bakin hanya. Idan kuma ciwon ya dawo ya tafi da maigida bayan ya faɗi haka, mu duka mun bi shi. Na faɗa wa Iya. Ta ce, "Na sani. Kira mini Dafnus."

Da rana ta take, dogarai suna gyangyaɗi a ƙofa, Dafnus ya ɗauki turken ƙarfe ya naɗe kansa da tsumma don kada ya yi ƙara, ya hau tsani. Ya yi ta ƙwanƙwasa a hankali har wata tsaga ta buɗe daga saman katanga ta gangaro kamar kamu biyu. Iya tana ƙasa tana ba da umarni.

"Ya yi sabo da yawa. Shafa ƙasa. Cusa gansakuka a ciki."

"Iya, ashe ke tsohuwar ɓarauniya ce ba mu sani ba."

"Rufe mini baki ka sauko, kafin mu sami na biyu a ƙasa."

Washegari alƙali ya zo da magatakardansa da wasu dattawa biyu na majalisa. Aka jingina maigida da matasai, kansa naɗe, fuskarsa ta zube. Aka tara mu a bakin ƙofar ɗaki. Sai aka shigo da Kerdo. An aske masa kai ƙwal, ido ɗaya a kumbure, mari yana ƙara a ƙafarsa. Ya neme ni da ido har ya same ni.

Alƙali ya yi gaisuwa, ya yi barka, sannan ya ce, "Satiriyus, ba za mu gajiyar da kai ba. Wa ya buge ka?"

Maigida ya dubi dattawan nan biyu. Su ne fa waɗanda ya yi rantsuwa a gabansu a gidan wanka. Ya dubi Kerdo, ya daɗe yana dubansa. Ya dubi Bassus. Iya tana tsugune a gefen gado tana gyara masa bargo a ƙafa, ba ta ɗaga kai ba.

"Kai," ya ce wa Kerdo. "Me ka ce ranar nan da yarenku?"

"Akuya na zaga, ranka ya daɗe."

"Me ka ce mata?"

"Na ce kura ta ci uwarta, ranka ya daɗe. Kerkeci, wato."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari ya rufe baki da hannu. Maigida ya ja numfashi, ya ɗaure fuska irin yadda ya saba.

"Buge ni? A gidana? Wane bawa ne ya isa?" Muryarsa ta ɗan dawo. "Katangata ce ta tsage. Tun yaushe nake faɗa, ba mai ji. Gidan nan in ban duba abu da idona ba, ba mai dubawa. Na hau randa in gani, ta goce da ni. Shi ke nan."

Magatakarda ya je lambu ya dawo, ya ce lallai akwai tsaga, kuma da gani ta daɗe. Dafnus ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"To, a kwance shi," in ji alƙali.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya bi ta cikinmu ba. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya isa. Na dai ji mutum ashirin sun saki numfashi lokaci guda. Yarinyar nan mai wanki ta sulale ta zauna a ƙasa.

Maigida bai gama ba. Ya nuna Kerdo da yatsa. "Amma wannan sakaran da ya ajiye randa mai gindi a karkace, in bayansa ya warke a zane mini shi."

Kerdo ya zube ya kama ƙafar gadon. "Na gode, ranka ya daɗe! Alloli su ƙara maka lafiya!" Yana faɗa yana dariya, hawaye na zuba daga idon da ke buɗe. Maigida ya dube shi da mamaki, ya ce wa alƙali, "Ka gani? Mutanen Gol duk haka suke, ba hankali."

Maƙeri ya zo ya cire marin a tsakar gida. Dogarai suka tattara suka tafi, Dafnus ya buɗe ƙofar gida gaba ɗaya ya tsaya a tsakiyarta yana shaƙar iskar titi, yana gaida duk wanda ya wuce, har da jakuna. Bassus da kansa ya ce a buɗe tulun giya a ba mu. Na dafa wake da albasa da romon kifi cike da babbar tukunya, muka zauna a ƙasan madafi muka ci kamar ba mu taɓa ganin abinci ba. Wasu suna ci suna barci.

Firima ta ƙi zuwa wurin ubanta. Ta ɓuya a bayana tana leƙen wannan mai ƙwalƙwalin kai da kumburarren ido. Kerdo bai matsa mata ba. Ya zauna ya ci gaba da cin wakensa, ya fara wata 'yar waƙa ta yarensu da yake yi mata in zai sa ta barci. Ta saurara, ta matso, ta taɓa kansa da tafin hannu.

"Ina gashinka?"

"Na bar shi a gona," ya ce. "Zai biyo ni."

Bulalar da aka yi masa alkawari ba ta taɓa zuwa ba. Ko maigida ya manta, ko ya ga gara kada a sake tada zancen randa. Abin da ya yi dai, ya sa aka rushe wajen tsagar aka sake gini, aka ƙara wa katangar tsawo har ta wuce kan mutum biyu.

Ya rayu shekaru bayan haka, yana jan ƙafa ɗaya, kuma bai sake taka ko matakala ba sai da mutum a kowane gefe. In ya yi atishawa mutum uku ne za su kawo bargo. Kifi kuwa sai na tsince ƙayarsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai gabansa. Shi ya ɗauka ƙauna ce. In ya yi baƙi sai ya riƙa nuna mu yana cewa, "Ku tambayi likita. Ba su ci ba, ba su runtsa ba. Haka ake riƙe bayi, da hannu mai ƙarfi, sai su so ka kamar uba." Mu kuwa mu sunkuyar da kai. Abin mamaki, da ya yarda muna sonsa, sai hannun nasa ya rage sauri. Zagi dai bai fasa ba.

Iya Helfis ta riga shi tafiya, tana baiwa ba a 'yanta ta ba. Ya sa aka kafa mata ɗan dutse a bakin hanya, ya yi kuka a fili bai ji kunya ba. Da nasa lokacin ya zo, tsufa ne da ciwon ƙirji. Tun da muka ga alama Dafnus ya bi gari ya tattaro likita, da Bassus, da duk abokin da ya samu, ya cika ɗakin da 'ya'ya, ba bayi ba, waɗanda za su shaida cewa ba hannun kowa a mutuwarsa. Maigida ya ji daɗi, ya ce bai san yana da masoya haka ba. Ya cika a gabansu da rana tsaka, kowa yana gani.

A wasiyyarsa ya 'yanta mutum kaɗan, ciki har da ni da Kerdo da Firima. Dafnus ba ya ciki, ya koma hannun Bassus tare da sauran, ya ce ba komai, ƙofar can ta fi inuwa. Muka sami ɗaki a wajen ganuwa, kusa da wani fili da Kerdo ya karɓa zai noma kabeji da albasa. Safiyar farko na zabura tun da asuba, na hura wuta, na ɗora babbar tukunya, sannan na tuna mu uku ne. Kerdo ya ɗago kai ya ce in koma in kwanta, ba mai kirana. Na koma na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Sai na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa, ina kallon masu kai kaya kasuwa suna wucewa, har rana ta fito sosai Firima ta tashi ta ce tana jin yunwa.